Gwajin Magani a Jikinmu: Daga Garki Zuwa Asibitin Zana, Har Zuwa Yaran Sikila

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba. Yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa a Gwarzo ko Getso, ko a Kabo ko Garo, ranar da aka ce an kawo sabuwar allura, ya san maganar da take fara fitowa: "Gwaji za su yi da mu." In ka ja zancen sai wani ya ce, "Ka manta da Pfizer?" Mu da yawa da muke faɗar haka ba a haife mu ba a 1996, wasunmu kuma muna goye. Tsoron muka gada. Labarin kansa, da shekarunsa da lissafinsa, kaɗan ne a cikinmu za su iya kawo shi daidai. Kuma an daɗe ana gwajin magani a ƙasar Kano, tun kafin Pfizer, ana kuma kan yi har yau. Wani an cuce mu a cikinsa, wani kuma shi ya sa yara da yawa suke tafiya da ƙafafunsu yanzu. Yadda za a bambance su shi ne aikinmu na yau.

Mu fara da mene ne gwajin. Manomi ya fi kowa saninsa. Aka kawo maka sabon taki aka ce ya fi wanda ka saba da shi, mai hankali ba ya zuba wa gonarsa duka. Sai ya raba ta biyu, iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, ya sa sabo a nan, tsoho a can, kaka ta yi ya ƙirga dami. Haka likitoci suke yi. A raba marasa lafiya rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu sauƙin ciwo ya ba su maganin da yake so ya yi nasara. Duk maganin kirki da yake kemis ɗin unguwarku ta wannan hanyar ya biyo. Sai dai dawa ba ta jin zafi, ba ta da uwa. Mutum kuwa dole a tambaye shi.

A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka fara wani babban aiki a kan zazzaɓin cizon sauro a Garki. A lokacin Garki tana cikin Jihar Kano, sai a 1991 ta koma Jigawa. Aikin ya kai har 1976, a cikinsa an bi ƙauyuka, an fesa maganin sauro a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, an ɗibi jinin mutane an duba. Zazzaɓin ya ragu sosai, amma da aka daina feshin da rabon magani sai ya dawo. Har yau masana maleriya a duniya suna komawa ga alƙaluman Garki. Ku tambayi kanku nawa ne a cikinmu suka taɓa jin sunan aikin a makaranta.

A cikin jinin da aka ɗiba a Garki aka ga wani abu mai sa jiki ya yi sanyi. Alan Fleming, farfesan ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa suka duba yawan masu sikila. A cikin jarirai sababbin haihuwa, kusan 2 cikin 100 masu SS ne. A cikin manya kuwa da ƙyar aka samu. Ina suka tafi? Ba warkewa suka yi ba, sikila ba ta warkewa da kanta. Rasuwa suke yi tun suna ƙanana, yawanci kafin shekara biyar, ba tare da kowa ya san sunan ciwon ba. Ba mamaki da yawa daga cikin matan da aka riƙa kira masu wabi a ƙauyukanmu, ana sa wa 'ya'yansu sunaye irin su Ajuji da Ayashe, matsalar jininsu ce da na mazajensu bai dace ba.

Fleming ɗin nan ya sake yin wani gwaji a Zariya da aka buga a 1986, a kan ƙarancin jini ga masu ciki. Mata Hausawa 200 masu cikin fari aka raba gida biyar. Wasu maganin kariya daga maleriya kaɗai, wasu an haɗa musu da ƙwayar ƙarin jini, wasu da folik asid, wasu duka, rukuni ɗaya kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Aka ga kare mai ciki daga maleriya kaɗai yana rage matsanancin ƙarancin jini ƙwarai. Idan yau ƙanwarka ta je awo a asibitin Gwarzo aka ba ta maganin maleriya alhali ba ta zazzaɓi, aka haɗa mata da jajayen ƙwayoyin nan, irin wannan binciken ne asalinsa. Ku riƙe zancen rukunin da ba a ba magani ba, za mu dawo kansa.

Yanzu 1996. Mulkin Janar Sani Abacha. Da zafi ya shigo sai sanƙarau ya ɓarke a Arewa irin wanda ba a taɓa gani ba. Sama da mutum dubu 100 suka kamu, fiye da dubu 11 suka rasu, ga ƙyanda da kwalara a lokaci guda. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda muka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, MSF, tana wurin tana ba da maganin da aka saba amfani da shi a irin wannan annoba, kuloramfenikol, kyauta.

A wannan hali ne tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta sauka. Suna da sabon magani mai suna Trovan da suke sa ran zai kawo musu kuɗi masu yawa, suna kuma neman hujjar cewa yana aiki a kan sanƙarau na yara. A Amurka ba za ka tara yara 200 masu sanƙarau cikin sati biyu ba. A Kano kuwa ga su nan a kwance. Suka ɗauki yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su seftiriyazon, wanda sanannen magani ne mai kyau. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu makanta, wasu shanyewar jiki, wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu. Bayan kamar sati biyu tawagar ta tattara ta tafi, annobar na ci.

A nan ina so mu yi adalci, don in muka faɗi abin da ba haka ba, mu muke raunana hujjarmu. A majalisa za ka ji an ce maganin ya kashe ɗaruruwa. Alƙaluman ba su nuna haka ba. Kuma sanƙarau da kansa yana kurumtar da yaro, yana kashewa. Da wannan Pfizer ta dogara tun farko har ƙarshe: ta ce ciwon ne ya yi ɓarnar, ta ce yaran da ta kula da su sun fi sauran tsira, ta ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa kuma sun amince da baki. Ba ta taɓa amsa laifi ba.

To ina cutar take? Iyayen sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ba wanda ya ce musu ga MSF can a asibiti ɗaya tana ba da maganin da aka riga aka tabbatar. Babu takardun amincewa da iyaye suka sa wa hannu. An ba yara masu tsananin ciwo Trovan ta baki, alhali an saba yi wa irinsu allura. Shi kansa seftiriyazon da ake gwada Trovan da shi, an rage yawan da ake bayarwa ƙasa da abin da aka saba. Kamfanin ya ce don rage zafin allura ne kuma adadin ya wadatar. Masu ƙara suka ce ai in ka rage wa abokin tsere ƙarfi, dokinka ne zai yi kyau. Sannan ga takardar izini. Duk gwaji sai kwamitin kula da ƙa'idojin bincike ya duba ya yarda kafin a taɓa mutum ɗaya. Pfizer ta nuna wasiƙa mai kwanan watan Maris 1996 daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga baya jaridar Washington Post ta ruwaito shugaban asibitin yana cewa a lokacin ma ba su da irin wannan kwamiti, kuma likitan da ya jagoranci aikin a nan gida ya ce bayan an gama aka rubuta wasiƙar aka mayar da kwanan wata baya.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ci min rai, don ba daga Amurka aka zo da shi ba. Mukan ba da labarin kamar Turawa ne suka sauko daga sama. Wa ya ba su ɗaki a asibitin gwamnati? Wa ya bar maganin ya shigo? Amma kuma akwai waɗanda suka tsaya. Farfesa Idris Mohammed, wanda ya jagoranci yaƙi da annobar a madadin gwamnatin tarayya, ya nuna rashin yarda tun ana cikin yi. A cikin Pfizer ɗin kanta wani likita, Juan Walterspiel, ya rubuta wa shugabannin kamfanin yana gargaɗi, daga baya aka sallame shi.

Trovan ya samu izini a Amurka a ƙarshen 1997, na manya kaɗai. A 1999 aka taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta, Turai kuma ta dakatar da shi. Duniya ba ta san abin da ya faru a Kano ba sai a Disamba 2000, da Washington Post ta buga bincikenta. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi a 2001, kwamitin ya ce gwajin ya saɓa doka. Rahoton ya kwanta a durowa shekara biyar. Sai a 2006 ya fito, shi ma a waccan jaridar ta Amurka. Ku ji fa: rahoton gwamnatinmu, a kan 'ya'yanmu, a jaridar wata ƙasa muka fara karanta shi.

Iyayen yaran sun kai ƙara New York a 2001. Gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau da gwamnatin tarayya suka shigar da tasu a 2007. A Yulin 2009 aka yi sulhu da Jihar Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. Aka ce sai an yi gwajin ƙwayar halitta don tantance masu haƙƙi, domin sama da mutum 500 ne suka fito alhali yara 200 aka gwada. Iyalai huɗu na farko suka karɓi dala dubu 175 kowanne a Agustan 2011, shekara 15 bayan faruwar abin. Da kuɗin ayyukan lafiyar aka gina cibiyar nan ta Kwanar Dawaki, wadda aka mayar wurin killace masu korona a 2020.

Amma diyya mafi tsada mu muka biya ta. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, bisa zargin an sa abin hana haihuwa a ciki. Dokta Ibrahim Datti Ahmed na cikin manyan masu wannan magana, kuma abin da ya faru a Asibitin Zana na cikin hujjojin da mutane suka riƙe. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ba a dawo da rigakafin ba sai a Yulin 2004, bayan an kawo na Indonisiya. A sanadin haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, talakawa masu neman na abinci. Yaro na ƙarshe da shan-inna na daji ya kama a Jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014. Duk wanda kuka gani ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana jan ƙafa a bakin titin Kabuga, ku tuna da wannan lissafin. Ba Pfizer ce ta shanye masa ƙafa ba. Amma ita ta taimaka wajen kashe yardar da za ta sa a ɗiga masa maganin.

Duniya tana da dokoki tun da daɗewa. Bayan abin da likitocin Nazi suka yi aka fitar da ƙa'idojin Nuremberg a 1947, farkonsu shi ne ba a gwaji a kan mutum sai da yardarsa. Aka ƙara da na Helsinki a 1964. Duk da haka a Tuskegee ta Amurka an bar baƙar fata ɗaruruwa da ciwon tunjere ba magani daga 1932 har 1972 don a ga yadda ciwon yake cin jiki. Mu a Najeriya sai a 2007 muka samu kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, dokar lafiya ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi. Yanzu gwajin magani sai ya bi ta kwamiti mai rajista da kuma NAFDAC.

Yanzu ku zo mu ga ɗaya fuskar, a wannan garin dai, har da asibitin da aka yi amfani da sunansa a waccan wasiƙar.

Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. An ƙiyasta ana haifar jarirai kusan dubu 150 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Ƙwayar jinin mai SS tana lanƙwashewa kamar lauje, ta mutu da wuri, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake. Tana kuma toshe hanyoyin jini. In ta toshe a ƙashi, ciwon nan ne da ke sa yaro ihu cikin dare. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Ba tare da kariya ba, kusan yaro ɗaya cikin goma mai SS zai gamu da shanyewar jiki kafin ya kai shekara 20. Yaro ɗan shekara bakwai ya kwanta lafiya, ya tashi baki ya karkace, hannu ba ya ɗaguwa. A ƙauye me za a ce? Iska ce ta buge shi.

A 1998 wani gwaji a Amurka ya nuna ana iya gane yaron da ke cikin haɗari tun kafin abin ya faru. Akwai na'ura da ake kira TCD, ana ɗora ta a gefen kai, ba allura ba yanka, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In hanya ta tsuke jini yakan yi gudu, kamar ruwa a tiyo in ka matse bakinsa. Yaron da gudun jininsa ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana bakin rami. In ana yi masa ƙarin jini duk wata, haɗarin yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100.

Madalla. To kawo wannan Lakwaya ko Gude. Ƙarin jini duk wata, shekara da shekaru. Wa zai ba da jinin? Kuɗin mota zuwa birni fa? Gwajin tabbatar da jinin ba shi da cuta fa? Maganin ya yi wa yaron Amurka, namu kuwa sai kallo. Wannan ita ce tambayar da likitocinmu suka ɗauka: akwai ƙwaya mai araha da za ta tsaya a madadin ƙarin jini? Akwai haidroksiyuriya, wadda take sa jiki ya koma yin irin jinin da jariri yake da shi a cikin ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Dokta Najibah Galadanci da Dokta Shehu Umar Abdullahi da abokan aikinsu a Asibitin Malam, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, suka fara da ƙaramin gwaji don a ga ko iyaye za su yarda, ko yara za su jure shan maganin. Da ya yi kyau suka shiga babba mai suna SPRING daga 2016, a Asibitin Malam da Asibitin Murtala a Kano da Barau Dikko a Kaduna. Yara 220, 'yan shekara 5 zuwa 12, duk masu gudun jini mai haɗari.

Kun tuna rukunin Zariya da aka ba ƙwayar da ba magani? A nan ba a yi haka ba. Tunda an riga an san yaron yana cikin haɗari, barinsa hannu rabbana don a samu abin kwatance zalunci ne. Kowane yaro ya samu magani na gaske. Abin da aka gwada shi ne yawansa: miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, ko 20. Akwai kuma kwamiti mai zaman kansa da yake duba alƙaluma ana cikin tafiya, mai ikon cewa a tsaya. Kuma an tsayar kafin lokaci, da aka ga babu wani bambanci tsakanin biyun wajen hana shanyewar jiki: yara 3 a ƙaramin adadi, 5 a matsakaici. Wato ƙasa da 2 cikin 100 a shekara, alhali a gwajin Amurka waɗanda ba a yi wa ƙarin jini ba kusan 10 cikin 100 ne a shekara. Masu shan matsakaicin adadi sun fi samun sauƙin kwanciya asibiti. An buga sakamakon a mujallar Lancet Haematology a 2022, sunan farko a kan takardar na likitan Kano ne. Maganin da aka yi aikin da shi a nan Najeriya ake haɗa shi, kuma masu binciken sun bi gwamnatocin Kano da Kaduna da Katsina har suka yi alkawarin ba da shi kyauta ga yaran da na'urar ta nuna suna cikin haɗari. Alkawarin gwamnati kun san halinsa, sai an bi shi da ƙafa. Amma ku kwatanta da tawagar da ta yi sati biyu ta tafi da takardunta.

Kada wani ya ce ai bambancin shi ne waɗannan namu ne, waɗancan baƙi. A 1996 ma akwai namu a ciki, a SPRING ma akwai baƙi da kuɗin Amurka. Tambayar ce ta bambanta. Ɗaya ta fito daga buƙatar kamfani na samun lasisi, ɗaya daga ɗakin yaran da suke shanyewa a gabanmu.

Akwai kuma cutar da ba a gwada komai a kanta ba don babu riba. Ciwon dasashi muna raina shi, yaro yana zubar da jini a baki a ce zafi ne. Amma ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta ci, ko ya tashi daga ƙyanda, kumburin dasashi yana iya zama cutar noma, wadda cikin 'yan kwanaki take cinye kumatu da leɓe har ƙashi. In ba magani, kusan 9 cikin 10 suna mutuwa. In an kama ta tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau sun isa. Sakkwato tana da asibiti na musamman dominta tun 1999, MSF tana aiki a can tun 2014. Duk da haka sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Ashe rashin bincike ma kisa yake yi, a hankali, ba wanda za a kai kotu.

Inda maganar yarda ta fi wuya shi ne taɓin hankali. Ciwon sikizofireniya, wanda mutum yake jin muryoyin da ba kowa, yake ganin ana binsa, yana kama kusan mutum ɗaya cikin 300 a duniya. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo sama da mutum dubu 180, Kabo sama da dubu 150. In muka yi lissafi da wancan ma'aunin, ya haura mutum dubu tsakanin ƙananan hukumomin biyu, tun a wancan lokacin. Jona wa ƙwaƙwalwa lantarki an fara shi a Rum a 1938, Ugo Cerletti da Lucio Bini suka gwada a kan wani mutum da 'yan sanda suka tsinto a tashar jirgin ƙasa yana sambatu. Wa ya tambaye shi? Yau ana yin sa da maganin barci, kuma yana ceton wanda ya sandare ba ci ba magana. Tun 1985 ana kuma gwada motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu daga wajen kai, har don rage jin muryoyi, sakamakon dai wani ya yi kyau wani bai yi ba. Wata rana irin wannan gwajin zai zo Dawanau. Ranar, wa zai amince a madadin wanda hankalinsa ba ya jikinsa, a ƙasar da a 2019 aka fito da ɗaruruwan mutane da mari a ƙafa daga wani gida a Rigasa? Ƙa'ida ta ce waliyyinsa, kuma sai binciken ya kasance don amfanin masu irin ciwonsa. Dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa sai a Janairun 2023 aka sa hannu a wadda ta maye gurbinta.

Saboda haka in aka zo maka da takarda a asibiti aka ce ana bincike, kada ka gudu, kada kuma ka dangwala yatsa don kunyar likita. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da Hausa har ka gane. Ka tambaya wane kwamiti ya ba da izini, a nuna maka. Ka tambaya in na ƙi fa? Amsar da doka ta sani ita ce za a duba ɗanka kamar kowa. Kana iya fita a tsakiya ba tare da ka ba da dalili ba. Ka tambayi wanda zai biya in wani abu ya faru, ka karɓi kofin takardar ka ajiye. Iyayen 1996 abin da suka rasa ke nan, takarda a hannu, shi ya sa bayan shekara 15 sai da aka goga musu auduga a baki kafin a yarda 'ya'yansu ne.

Sauran kuma namu ne mu mutanen yamma. Asibitocin da aka yi SPRING duk a birni suke. Daga Gwarzo zuwa Kano kusan kilomita 70 ne, ga wanda yake bakin titi ke nan. Tun Mayun 2024 Kano tana da dokar gwajin jini kafin aure, wannan zai taimaki waɗanda ba a haifa ba tukuna. Waɗanda aka riga aka haifa fa? Na'urar TCD ba gini ba ce, tana shiga bayan mota, kuma an horar da ma'aikatan lafiya a kanta a nan Arewa. Duk ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma da ya zo taro a Gwarzo ko Kabo, a tambaye shi a gaban jama'a: wace rana ake duba kan yaran sikila a babban asibitinmu, kuma ina haidroksiyuriyar da aka ce kyauta ce? Wanda yake da ƙani ko ɗa mai SS kuma kada ya jira amsarsu. Ana son a duba kan yaron sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Ranar da za ku je asibitin sikila, ku ambaci sunan gwajin da bakinku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.